Ɗumin Ƙarƙashin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Famfon Zafi

Mene ne famfon zafi na ƙarƙashin ƙasa?

Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi a Daura da asubahin hunturu ya san ruwan kan fito da ɗumi-ɗumi, alhali a watan Afrilu sai a ji shi da sanyi. Dalili kuwa shi ne, daga zurfin kamar mita 10 zuwa ƙasa, zafin ƙasa ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da damina. Famfon zafi na'ura ce da ke cin moriyar wannan daidaito. Ana binne bututun roba a kwance, a zurfin mita 1 zuwa 2, ko a tsaye cikin rami irin na rijiyar burtsatse mai zurfin mita 50 zuwa 150, ruwa yana zagayawa a ciki yana kwaso ɗumi, sannan kwamfuresa, wato injin matsa iska irin na firiji, ta ƙara masa ƙarfi ta tura shi cikin gida. Wanda ya taɓa dafa bayan firiji ya ji zafi ya riga ya ga wannan dabara tana aiki.

Sabuwar fasaha ce?

A'a. Heinrich Zoelly ya yi wa dabarar rajista a Suwizalan tun 1912, kuma a yau ƙasar Suwidin na cikin waɗanda suka fi amfani da ita.

Ta yaya take rage hayaƙin da ke ɗumama duniya?

Na'urar ba ta ƙona gas ko gawayi, kwaso zafin da ke ƙasa kawai take yi, shi ya sa kilowat 1 na lantarki kan samar da kilowat 3 zuwa 4 na ɗumi. Wannan ne ya sa tun Oktoban 2023 gwamnatin Birtaniya ke bai wa magidanta a Ingila da Wels tallafin fam 7,500 domin su maye gurbin na'urar ɗumama gida mai amfani da gas da famfon zafi. Sai dai tsabtar na'urar tana bin tsabtar wutar da take ci, domin idan janareta mai shan dizal ne ke juya ta, to hayaƙin wuri kawai ya sauya.

Mu a Katsina, ina ruwanmu da ɗumama gida?

Tambaya ce mai kyau, domin sanyinmu na Disamba da Janairu ne, kuma bargo da rufe taga kan wadatar da yawancin gidaje, ko da yake kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana da haɗari ƙwarai. A ganina amfanin na'urar a nan yana ta ɗaya fuskar ne. Ana iya juya aikinta ta kwashe zafin ɗaki ta zuba shi cikin ƙasa, kuma a bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin Celsius, tura zafi cikin ƙasar da ta fi iska sanyi ya fi ƙarancin cin wuta a kan tura shi cikin iskar waje, kamar yadda na'urar sanyaya ɗaki ta yau da kullum ke yi.

To, wa ya kamata ya fara gwadawa?

Kuɗin haƙa da binne bututu yana da yawa, kuma busasshiyar ƙasa mai rairayi ba ta ɗaukar zafi kamar mai danshi, don haka sai an auna ƙasar kafin a sa hannu. Manyan gine-gine irin su asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai, masu buƙatar sanyi da ruwan zafi kullum, musamman waɗanda ke da wutar sola, su ne za su fi saurin mayar da kuɗinsu.