Ladabtar da Lauya Kan Kuɗin Amana

Kuɗin amana a aikin lauya su ne kuɗin da suka shigo hannunsa amma ba nasa ba ne: diyyar da kotu ta yanke wa wanda yake wakilta, kuɗin gidan da aka sayar, hayar da ya karɓo, ko bashin da ya ƙwato wa wani. Taɓa su na cikin manyan laifuffukan da ke raba lauya da sana'arsa.

A Najeriya, Dokar Lauyoyi ta 1975 da Ƙa'idojin Asusun Lauyoyi na 1964 sun wajabta wa lauya ya buɗe asusun banki na daban don kuɗin mutane, ya kuma riƙa rubuta shigarsu da fitarsu. Ko banki na bin lauyan bashi, ba shi da ikon cire ko kwabo daga wannan asusu. Ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, ta ƙara da cewa lauya ya sanar da mai kuɗi da zarar sun shigo, kuma kada ya gauraya su da nasa.

A nan da yawa ke zamewa. Lauya ya karɓi kuɗin fili, hayar ofis ta taso, ya ce bari ya ara zuwa ƙarshen wata. Gaurayawar kanta laifi ce, ko da ya mayar daga baya babu gibi. A Amurka, Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta yanke a 1979 cewa wanda ya ci irin wannan kuɗi da saninsa, kora daga aikin lauya ce hukuncinsa kusan ko da yaushe. Matsin rayuwa da niyyar biya ba su wanke shi. Hukuncin da tsauri, amma da wuya a ce ya wuce kima, tunda mai kuɗi ba shi da hanyar leƙa asusun.

A Najeriya Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi ne ke sauraron irin wannan ƙorafi. Yana iya jan kunne, ko dakatarwa na wani lokaci, ko ya sa babban magatakardan Kotun Ƙoli ya soke sunan mutum daga rajistar lauyoyi, tare da umarnin mayar da kuɗin. Wannan bai hana a gurfanar da shi gaban kotu kan cin amana ba.