Waiwaye: yadda doka ta fara kare masu ƙirƙiro sababbin furanni

Mai ƙirƙiro sabon irin furen wardi yakan shafe kusan shekara goma yana haɗa barbara, yana shuka dubban 'ya'yan iri yana zubar da mafi yawansu, kafin ya sami guda ɗaya da ya cancanci shiga kasuwa. Amma da zarar ya sayar da tsiro ɗaya, duk wanda ke da wuƙa zai iya yanko reshe ya dasa, ko ya yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, ya sami irin furen sak. Wannan sauƙin kwafi ne ya sa masu furanni da masu itatuwan marmari suka riga kowa neman kariyar doka.

A Amurka aka fara amsa kukansu. A shekarar 1930 Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta ba da damar mallakar sabon tsiron da ake yaɗawa ta hanyar reshe ko aure, ban da masu saiwa irin su dankalin Turawa. Masu goyon bayan dokar, ciki har da shahararren mai ƙirƙira Thomas Edison, sun riƙa kafa hujja da Luther Burbank, wanda ya samar da ɗaruruwan sababbin iri, ya kuma rasu a 1926 ba tare da wata doka ta kare masa aikinsa ba. Takardar mallaka ta farko ta fita a 1931, aka ba Henry Bosenberg na jihar New Jersey, a kan wani wardi mai yaɗo da ake kira New Dawn.

Labarin da ya fi nuna tazarar da ke tsakanin Amurka da Turai shi ne na Francis Meilland, Bafaranshen da ya samar da wani wardi mai ruwan ɗorawa da gefen furen ja-ja gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Ya aika da rassansa zuwa ƙasashen waje kafin yaƙi ya toshe hanyoyi, furen kuma ya tashi da suna huɗu: Madame A. Meilland a Faransa, Gloria Dei a Jamus, Gioia a Italiya, sai Peace a Amurka, inda kamfanin Conard-Pyle ya raɗa masa wannan suna a watan Afrilun 1945. Daga Amurka kuɗin haƙƙi ya riƙa zuwa masa, saboda can akwai doka, alhali a wasu ƙasashen ana yaɗa furen ba tare da ya ga ko sisi ba. Ba abin mamaki ba ne da ya zama cikin waɗanda suka fi matsa wa gwamnatocin Turai lamba.

Holan ta riga ta yi tata dokar tun 1941, sai dai tsarin ƙasa da ƙasa bai samu ba sai ranar 2 ga Disamban 1961, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar kare sababbin irin tsirrai, wato UPOV, a birnin Paris, wadda ta fara aiki a 1968. A shekarar 1961 ɗin ce kuma masu ƙirƙiro furannin ado suka kafa ƙungiyarsu, CIOPORA. Sharuɗɗan yarjejeniyar su ne iri ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, tsirransa su yi kama da juna, kuma kada ya sauya in an ci gaba da yaɗa shi. An bar wata ƙofa a buɗe da gangan: kowa na da damar ɗaukar irin da aka kare ya yi barbara da shi don fitar da wani sabo.

Ta wannan ƙofar ce rigima ta shigo, domin furanni suna da wata ɗabi'a. A gonar jan wardi, reshe ɗaya yakan fito da fure fari haka kawai, manomin da ya lura da shi kuma zai iya yanko shi ya yi masa rajista a matsayin sabon iri, duk da cewa launi kaɗai ya sauya. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1991 ya ce irin da aka tsago daga wani ta wannan hanya ba za a sayar da shi ba sai da izinin mai na asali, ya kuma sa mafi ƙarancin wa'adin kariya shekara 20, itatuwa da inabi 25. A ganina gyaran ya yi daidai, amma ya bar baya da ƙura, don har yau kotuna na fama da tambayar inda tsagi ya ƙare, sabon iri ya fara. New Dawn ɗin da aka fara ba takarda ma reshe ne da ya sauya a jikin wani tsohon wardi.

Kamfanoni ba su dogara ga wa'adin kaɗai ba. Sukan yi wa fure rajista da sunan da ba ya daɗin faɗi, wanda ke farawa da MEI na kamfanin Meilland ko KOR na kamfanin Kordes, sannan su sayar da shi da wani suna mai daɗi da suka mallaka a matsayin tambarin kasuwanci, wanda ake iya sabuntawa har abada.

Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 kan haƙƙin mallakar ƙirƙira ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya su kare sababbin iri, lamarin ya iso Afirka. Kenya ta shiga UPOV a 1999, kuma yawancin wardin da ake nomawa a gefen tafkin Naivasha iri ne na kamfanonin Turai da ake biya wa kuɗin haƙƙi. Ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar ƙirƙira a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki, ta shiga a 2014, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 2021, inda muhawarar ta fi karkata ga irin abinci da 'yancin manomi na ajiye iri, ba ga furanni ba.