Ditoneshon: fashewar da ke cinye fistin a injin babur ɗin ƙanƙara mai turbo

A Kanada da Alaska da arewacin Suwidin da Finlan, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama a shekara, akwai babur ɗin da ba shi da taya: gabansa katakan sulɓi biyu, bayansa bel mai faɗi mai haƙora. Kamfanin Bombardier na lardin Kwibek a Kanada ne ya fito da nasa mai suna Ski-Doo a 1959, Polaris da Arctic Cat kuma suka taso a jihar Minnesota ta Amurka. Idan kanikawan can suka buɗe injin irin wannan babur suka tarar fistin ya lalace, kalmar da ta fi fita daga bakinsu ita ce ditoneshon.

Ditoneshon na nufin fashewar ragowar fetur da iska a cikin silinda, da kansu, bayan fulogi ya riga ya ba da wuta. A lafiyayyen inji fetur ba ya fashewa, ci yake yi. Tartsatsin fulogi ya kunna shi, wutar ta bazu daga tsakiya zuwa gefe, ta tura fistin ƙasa da ƙarfin da ke ƙaruwa a hankali. To amma yayin da wutar ke tafiya tana matse abin da ya rage a gefe, tana kuma gasa shi. In zafi da matsi suka wuce abin da fetur ɗin zai jure, ragowar ba ta jiran wuta ta iso, sai ta tashi gaba ɗaya lokaci guda. Wannan tashin shi ke dukan kan fistin da bangon silinda. Kada a haɗa shi da abin da kanikawanmu ke nufi in sun ce inji ya yi nokin, wato ya riga ya kama ko ƙarafunansa na ƙasa sun cinye. Ditoneshon kan zo tun kafin nan, sau da yawa ma shi ke kai inji can.

Abin da ya sa yake kashe fistin ya fi dukan ban tsoro. Zafin wutar da ke cikin silinda ya haura digiri 2,000, alhali alminiyon da ake yin fistin da shi yana narkewa a wajen digiri 660, gaurayensa ma ƙasa da haka. Abin da ke raba su wani siririn labulen iska ne da ke kwance a kan fistin, wanda ba ya barin zafin ya shiga ƙarfen kai tsaye. Kowace fashewa tana yage labulen nan. Fistin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara haddasa fashewa ta gaba, abu ya yi ta ninkuwa. Yawancin baburan ƙanƙara na hawan dutse injinsu mai bugu biyu ne, irin tsarin ƙaramin janareton nan da ake gauraya masa fetur da mai, wato duk juyi ɗaya sai silinda ta kama wuta. Inji mai juyi 8,000 a minti yana kunna kowace silinda fiye da sau 130 a daƙiƙa. Kuma matuƙin yana sanye da hular kwano, salansa na ruri, ba zai ji ƙarar ba. Cikin 'yan daƙiƙu an gama.

Turbo ya shigo harkar ne saboda tsaunuka. Inji marar turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, domin iska na ƙara sirancewa. Masu hawan tsaunukan Roki na Arewacin Amurka sun daɗe suna sayen turbo a kasuwa suna ɗora wa baburansu. Daga baya kamfanoni suka bi: Yamaha da Sidewinder mai bugu huɗu a samfurin 2017, Ski-Doo da 850 E-TEC Turbo mai bugu biyu a 2020, Polaris da Patriot Boost a samfurin 2022. Turbo yana cusa iska fiye da yadda inji zai zuƙa da kansa, matsatstsiyar iska kuma zafi gare ta. Ga ƙarin matsi, ga ƙarin zafi, duk abin da ditoneshon ke nema ke nan. Shi ya sa kuskuren da injin gama-gari zai yafe, mai turbo ba ya yafewa.

Nan ne maganar fetur ta shigo, ta fuska biyu. Ta farko yawansa. Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kashi ɗaya da kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi, amma inji mai turbo a cikakken gudu yana so a ba shi fetur fiye da haka, wajen ɗaya ga 12 ko ma ƙasa. Rarar ba don ƙarfi ba ce, don sanyaya silinda ce. Da zarar fetur ya ragu iska ta yi rinjaye, zafi ya tashi. Ta biyu ingancinsa, wato oktan, ma'aunin juriyar fetur ga matsi kafin ya tashi da kansa. Masu ƙera baburan turbo suna neman 91 a lissafin Amurka da Kanada, wanda ya yi daidai da kusan 95 a lissafin Turai. Masu ƙara matsi sama da na kamfani kan gauraya da man tsere ko man ƙananan jiragen sama.

Ƙwararren bakanike ba ya jefar da fistin da ya mutu, domin a jikinsa labarin yake. Idan gefen kansa ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi da ƙarfi, ramin zobe ya karye, irin tabon nan kuma ya bayyana a tof silinda, ditoneshon ne. Idan rami ne ya huje tsakiyar kan, ƙarƙashin fulogi, an fi zargin ɗan'uwansa, wato kamawar wuta tun kafin fulogi ya kunna, saboda wani wuri ya yi jajir a cikin silinda, misali bakin fulogin da bai dace da injin ba. Idan ɓangaren da ke kallon salansa ne ya narke ya shafe a bangon silinda, kan fistin ya bushe ya yi toka-toka, fetur ne ya yi kaɗan. Idan kuwa gogewa ce a kusurwa huɗu, kan fistin lafiya lau, to ba ruwan fetur: an taka inji ne tun bai yi ɗumi ba, fistin ya kumbura kafin silinda ta buɗe. Gogewa a ɓangaren shigar iska takan nuna dusar ƙanƙara ta shiga ta wanke man inji. Fulogi ma shaida ne. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Fari fat mai ɗigon alminiyo kuwa, an riga an fara cin fistin.

Tambaya ta gaba, wadda a ganina ta fi kowace rage wahala: silinda ɗaya ce ta mutu ko duka biyun? In ɗaya ce, a nemi abin da ya keɓanta da ita, injekta (mai fesa fetur) da ta toshe, ko roba mai yoyon iska a gefen kiranshaf ko a maƙogwaron shigar iska. Ana toshe ƙofofin inji a hura masa iska kaɗan a ga ko zai riƙe. Yoyon nan munafuki ne a inji mai turbo, don a cikakken gudu waje yake hurawa, a matsakaicin gudu ne yake zuƙo iskar da kwamfutar inji ba ta san da ita ba. In duka biyun ne suka nuna alama iri ɗaya, laifin na abin da suke tarayya a kai ne: fetur ɗin kansa, famfon fetur, tacen fetur, yawan matsi, ko lissafin da aka ɗora wa kwamfuta.

Famfon fetur yakan yaudari mutane. A gareji, inji na sulo, ma'auni zai nuna matsi daidai. Sai an hau gangare an buɗe wuta ne gajiyayyen famfo ke gazawa, don haka gwajin da ba a yi shi ƙarƙashin nauyi ba bai faɗi komai ba. Ga kuma lissafin da masu ɗora turbo da hannu ke mantawa: injektar da ke fesa mai cikin bututun iska tana kokawa da matsin turbo. In matsin mai 43 ne a ma'aunin psi, turbo na tura 8, abin da ya rage mata 35 ne, sai fa in akwai na'urar da ke ɗaga matsin mai daidai da na iska. Ƙaramin tiyon da ke kai wa na'urar nan saƙo in ya tsage ko ya zare, fistin ya tafi. Haka tankin da ya kusa ƙarewa: a hawa mai tsayi fetur ya koma baya, bakin tsotso ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu, daidai lokacin da inji ya fi bukata.

Sai tsohon fetur. Babur yakan kwana a rumfa daga bazara har hunturu ya dawo. Yawancin fetur ɗin Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, itanol kuma yana jan ruwa. In ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya faɗi. Zuba kaɗan a kwalbar gilashi a bar shi ya kwanta ya isa a ga rabuwar.

Yanayi ma yana sauya lissafi ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Iska a digiri 30 ƙasa da sifili ta fi ta digiri sifili kauri da kusan kashi 12 cikin 100. Babur ɗin da aka daidaita a kan tsauni, in aka sauko da shi kwari da sanyin safiya, ma'aunin turbo zai nuna lamba ɗaya, amma iskar da ke shiga silinda ta fi yawa nesa. Sababbin injuna suna da na'urar da ke jin ditoneshon, ta sa kwamfuta ta ja taimin baya ta ƙara fetur. A baburan Polaris har gargaɗi take nunawa a allo. Waɗanda ke dogara da ma'aunin zafin salansa kaɗai su ne abin tausayi, domin idan fashewar ta yi tsanani zafin yana shigewa cikin fistin maimakon ya fita da hayaƙi, sai allurar ta sauka, matuƙi ya ɗauka inji ya huce, ya ƙara murɗa wuta.