Ma'anar ketotaksi: tsagar da ke jikin 'ya'yan tsutsar tsargiya

Duk wanda ya taso a bakin kududdufi ko madatsar ruwa a Arewa ya san tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini, kuma mahautanmu na mayankar Oko-Oba da ke Agege sun saba cin karo da hantar saniya wadda wata tsutsa mai faɗi kamar ganye ta ɓata. Wannan tsutsa da tsutsar da ke kawo tsargiya dangin juna ne, kuma kowacce sai ta bi ta jikin dodon koɗi kafin ta kai ga mutum ko dabba. A nazarinsu ne ake amfani da kalmar ketotaksi, wadda ta samo asali daga Girkanci, inda ɓangarenta na farko yake nufin gashi, na biyu kuma jeri ko tsari.

Abin da ake nufi shi ne tsarin da ƙananan gaɓoɓin ji suke jere a kansa a jikin jaririyar tsutsa, musamman a matakin da ake kira sarkariya, wato lokacin da ta fito daga dodon koɗi tana iyo da wutsiya. Kowace gaɓa ɗan tudu ne a bakin jijiya, kuma yawancinsu suna da siririn gashi guda da ke leƙowa waje. Sun fi yawa a kai da kewayen baki, akwai wasu a gefen abin da take mannewa da shi da ke wajen cikinta, wasu kuma a kan wutsiya.

Muhimmancinsu yana bayyana ne idan aka dubi halin da sarkariyar tsargiya take ciki. Tsawonta bai wuce kimanin rabin milimita ba, ba ta cin komai, da guzurin da ta fito da shi kawai take rayuwa, kuma ba ya kai ta fiye da kwana ɗaya zuwa biyu. Sarkariyar tsargiyar ɗan Adam ba ta da ɗigon ido irin wanda 'yan uwanta masu kama tsuntsayen ruwa suke da shi, duk da haka tana jin motsin ruwa da ɗumin jiki, tana kuma gane sinadaran da ke fita daga fata. Maiƙon fatar mutum ne ma yake sa ta fara huda. Tana yawan fitowa daga dodon koɗi da tsakar rana, daidai lokacin da zafi yake kora yara cikin ruwa. A ganina kuskure ne a ɗauke ta abin da ruwa ya kwaso ya yi karo da mutum, farauta take yi. Matakin farko na rayuwarta, wato mirasidiyam da ke ƙyanƙyashewa daga ƙwai, shi ma da irin waɗannan gaɓoɓi yake bin sawun yauƙin dodon koɗin da ya dace da shi.

To, me ya sa masana suka damu da jerin gaɓoɓin? Dalili shi ne jerin ba ya sauyawa sosai a tsakanin 'ya'yan nau'in tsutsa ɗaya, amma ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma na dama yana daidai da na hagu, kamar yadda a da ake duban tsagar fuska a bambance Bagobiri da Babarbare tun kafin ya buɗe baki. Ana jiƙa sarkariya a ruwan sinadarin azurfa, a sa ta a haske, sai gaɓoɓin su fito baƙaƙen ɗigo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ƙirga su, a zana taswirarsu. Masana a Faransa ne suka daidaita hanyar sanya wa layukan waɗannan ɗigo suna a shekarun 1970. Amfanin a fili yake: dodon koɗi na dangin Bulinus yana iya ɗaukar tsargiyar mafitsarar mutum, yana kuma iya ɗaukar ta shanu, kuma 'ya'yan biyun kamarsu ɗaya a ido, wutsiyar kowacce mai baki biyu. Yanzu gwajin ƙwayoyin halitta ya karɓe yawancin wannan aiki, sai dai tsohuwar hanyar ta fi araha nesa ba kusa ba.

Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, kuma har yau Najeriya tana sahun gaba a yawan masu fama da ita. Ruwan gishirin da ya kewaye tsibirin Legas bai dace da dodon koɗin da ke ɗauke da ita ba, shi ya sa haɗarin ya fi yawa a ruwa mai daɗi da ke kwance, irin na madatsar Oyan kusa da Abeokuta, da kuma kududdufan gida da yaran Agege da Idi-Araba suke faɗawa idan an kai su hutun Sallah.