Murhun itace a gidajen Ingila: abin da doka ta ce kafin ka zaɓi mai tsayuwa ko na cusawa a bango

Yawancin tsofaffin gidajen Ingila suna da rami a bangon falo, wanda aka gina domin hura wuta, da bututun hayaƙi na bulo da ya bi ta bango ya ɓulla saman rufi. Wuta a buɗe cikin wannan rami tana da kyan kallo, amma ɗumin da take bari a ɗaki bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba, sauran duk bututu ne yake shanyewa. Shi ya sa mutane suke komawa ga rufaffen murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi. Iri biyu ne a kasuwa: akwai mai tsayuwa da ƙafarsa, akwai kuma wanda ake cusawa cikin ramin bango, fuskarsa kaɗai ake gani. Doka ba ta fifita wani a kan wani ba. Abin da ta sa wa ido shi ne hayaƙin da zai fita, da itacen da za a ƙona, da yadda aka kafa murhun, kuma a wannan na ukun ne bambancin iri biyun yake fitowa.

Maganar hayaƙi ce ta farko, domin ita ke yanke hukunci tun kafin a je shago. A watan Disamba na 1952 baƙin hazo na hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan har kwana biyar, dubban mutane suka mutu. Daga nan aka kafa Dokar Tsabtar Iska ta 1956, wadda ta 1993 ta gaje ta. Dokar ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ayyana unguwa, ko gari baki ɗaya, a matsayin yankin hana hayaƙi. Yawancin Landan, da Birmingham, da Manchester suna cikin irin wannan yanki. Ƙaramar hukumarka ce za ta gaya maka ko gidanka yana ciki, kuma ma'aikatar muhalli, wato Defra, tana da taswira a intanet.

In gidan yana cikin yankin, itace ba ya cikin abubuwan da aka yarda a ƙona, sai dai a cikin murhun da Defra ta gwada ta sa shi a jerin waɗanda ta yi wa uzuri. Ramin bango a buɗe ba ya samun wannan uzuri. Murhu mai tsayuwa da na cusawa duka suna iya samu, amma samfuri-samfuri ake bi, ba kamfani ba: kamfani ɗaya yana iya samun murhu biyar, uku suna cikin jerin, biyu ba sa ciki. Abin da ya bambanta mai uzuri da sauran ɗan ƙaramin abu ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da aka sa wanda yake hana a toshe ƙofar iska gaba ɗaya, domin wutar da aka shaƙe ita ce take cin itace a hankali tana turnuƙe unguwa. Wasu suna kwance wannan ƙarfe don wuta ta kwana musu. Wanda ya yi haka ya warware uzurin da hannunsa.

Tun daga Mayu 2022, bayan Dokar Muhalli ta 2021, ƙaramar hukuma ba ta bukatar zuwa kotu kafin ta ci tarar mai hayaƙi. Takarda za ta aiko cewa tana da niyyar cin tara, ka samu kwana 28 na kawo uzuri, in bai karɓu ba a yanka maka tsakanin fam 175 da fam 300. Sayen itace domin ƙonawa a murhun da ba shi da uzuri a cikin yankin kuwa laifi ne daban, tararsa tana kai fam 1,000.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan rikita ta da uzurin Defra, wato Ecodesign. Daga 1 ga Janairu 2022 duk sabon murhun da za a shigo da shi kasuwa sai ya cika ta: rufaffen murhun itace ya kai kashi 65 na inganci a lissafin shekara, ƙurar hayaƙinsa kuma kada ta wuce miligiram 40 a kowace kiyubik mita (wato sarari mai mita ɗaya a tsawo, da faɗi, da tsayi). Wannan nauyi a wuyan mai ƙerawa da mai sayarwa yake. Ba ta haramta tsohon murhun da ka tarar a gida ba. Kuma cika ta ba ya nufin murhu ya samu uzurin Defra, gwaji biyu ne daban, don haka mai zama a yankin hana hayaƙi sai ya duba duka biyun.

Kafa murhun kuwa yana ƙarƙashin Sashen J na ƙa'idojin gini. Nan ne tef ɗin awo yake da aiki.

Murhu mai tsayuwa yana bukatar daɓe wanda wuta ba ta ci, aƙalla milimita 840 a tsawo da 840 a faɗi. In an gwada murhun an tabbatar ba ya ɗumama ƙasan da ke ƙarƙashinsa fiye da digiri 100, falle mai kaurin milimita 12 ya isa, ko na gilashi ne ko na dutse, a shimfiɗa shi a kan daɓen katako. In ba haka ba sai ginannen daɓe na kankare mai kaurin milimita 125. Daɓen ya fito gaban murhu da milimita 225, ko 300 in murhun irin wanda ake iya amfani da shi ƙofa a buɗe ne, da 150 ta kowane gefe. Bututun ƙarfe mai fata ɗaya da ya fito daga murhun sai ya nisanci duk abin da wuta ke ci da ninki uku na faɗinsa: bututu mai milimita 150, tazara 450. Tazarar jikin murhun da bango ko kujera tana cikin takardar kamfani, kuma wannan takarda ita mai duba aiki zai riƙe. Fa'idar murhu mai tsayuwa ita ce ko gidan ba shi da bututun bulo ana iya kafa shi, a ja masa bututu mai fata biyu da rufin zafi a tsakani, ya bi ta bango ko ta rufi. Kuɗin wannan bututu sau da yawa yakan kai na murhun kansa.

Na cusawa ba ya cin fili, amma bawan ramin da ya tarar ne. Ramin da aka saba gani a gidajen Ingila inci 16 ne a faɗi, 22 a tsayi, shi ya sa da yawa daga irin wannan murhu ba sa wuce kilowat 5. Yana zama a kan ginannen daɓe, wanda ya kamata ya fito milimita 500 daga fuskar bango, 150 ta kowane gefen rami. A gidajen da aka yi wa kwaskwarima sau da yawa an fasa wannan daɓe an shimfiɗa katako ko kafet, to sai an mayar da shi. Abin da ya fi kawo matsala shi ne katakon ado da ke saman rami. Zafin murhun cusawa ta gaba da sama yake fita, kai tsaye ƙarƙashin wannan katako. In tazarar ba ta kai abin da kamfani ya rubuta ba, katakon yana bushewa a hankali, ya yi duhu, wata rana ya kama.

Tsohon bututun bulo kuma ba a amince masa da ka. Sai an share shi an yi masa gwajin hayaƙi. Doka ba ta ce dole a zura masa sabon bututu a ciki ba in ya ci gwajin, amma bututun da aka gina domin buɗaɗɗiyar wuta ya yi wa rufaffen murhu faɗi. Hayaƙi yakan huce kafin ya kai sama, ya zama kwalta ya manne a bulo, kuma wannan kwalta ce take kamawa da wuta. Shi ya sa kusan kowane ma'aikaci zai zura bututun ƙarfe mai lanƙwasa. Faɗinsa milimita 150 ne ga itace, sai dai an yarda da 125 ga murhu mai uzurin Defra wanda bai wuce kilowat 20 ba, in kamfani ya amince. Tsayin mita 4.5 daga murhu zuwa baki shi ne abin da yawanci yake ba da jan iska mai kyau.

Wuta tana shaƙar iskar ɗaki. A tsohon gida, murhun da bai wuce kilowat 5 ba ba ya bukatar a huda bango. Abin da ya haura 5, kowane kilowat yana bukatar ƙofar iska mai faɗin murabba'in milimita 550: murhu mai kilowat 8 ke nan 1,650. A gidan da aka toshe ko'ina, kamar yawancin waɗanda aka gina daga 2008, lissafin daga kilowat na farko yake farawa, wato 4,400 ga wannan murhun. Fankar zuƙe hayaƙin girki a ɗaki ɗaya da murhu abin gudu ce, tana iya janyo hayaƙi baya ya dawo falo. Wannan ya shafi gidajen da aka haɗe kicin da falo.

Ƙararrawar iskar guba wajibi ce. Wanda ya taɓa jin labarin mutanen da suka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ya san iskar da ake nufi: ba ta da wari, ba ta da launi. A sa ƙararrawar a ɗakin da murhu yake, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga gare shi, a silin nesa da bango da milimita 300, ko a saman bango amma ƙasa da silin da milimita 150.

Hanya biyu ce ta halatta aikin. Ko ka ɗauki ma'aikaci mai rajista a wani tsari da gwamnati ta amince da shi, irin su HETAS, ya yi aikin ya sanar da hukuma ya ba ka takardar shaida, ko ka sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma kafin a fara, ka biya su zo su duba. Kafawa da kanka ba laifi ba ne in ka bi ta biyun. Ana kuma manna ɗan allo, galibi kusa da mitar lantarki, mai bayanin daɓe da bututu. Rashin takardar shaida ba ya nuna kansa sai ranar sayar da gida, lokacin da lauyan mai saye zai nema, ko ranar da aka yi gobara kamfanin inshora ya tambaya. Ɗan haya sai da izinin mai gida, gidan da aka sa a jerin gine-ginen tarihi kuma sai da izini na musamman kafin a taɓa ramin.

Sai itacen kansa. Daga Mayu 2021 haramun ne a Ingila a sayar da ɗanyen itace a ƙaramin ƙunshi, wato ƙasa da kiyubik mita biyu. Dole danshinsa ya kasance kashi 20 ko ƙasa, da tambarin Ready to Burn a jikin buhu. Wanda ya sayi lodi babba yana iya samun ɗanye, amma sai an haɗa masa da bayanin yadda zai busar da shi, abin da kan ɗauki har shekara biyu. Ana auna danshi da 'yar na'ura mai tsinke biyu: a faskara gungume, a soka ta a tsakiyar sabon fashin, ba a ɓawo ba. Katako mai fenti da ragowar tsofaffin kujeru ba sa shiga ko wane irin murhu.

Waɗannan alƙaluma na Ingila ne. Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana da nata ƙa'idojin gini da na hayaƙi.