Kayan girki na sabon gida a ƙasar Hausa

Kayan girki na sabon gida su ne murhu da tukwane da ƙananan kayan aikin da mutum ke fara tanada idan zai soma ɗora tukunya a wurinsa na kansa. A ƙasar Hausa amarya aka fi sani da wannan tanadi, domin bisa al'ada iyayenta ne ke haɗa mata kayan kicin a cikin kayan ɗaki, danginta mata su je su yi mata jere kafin ta tare. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. Ɗalibin da ya kama ɗaki kusa da makaranta, da mai yi wa ƙasa hidima da aka tura wani gari, da ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, duk sukan zauna su yi lissafin abin da ɗan kuɗin hannunsu zai iya saya. Abin da ya kamata ya ja ragamar lissafin shi ne cimar gidan. Inda ake cin tuwo da miya, da shinkafa da wake, a sha koko ko kunu da safe, kayan da ake buƙata ba su da yawa, amma biyu daga ciki ba a yi musu rowa: murhu da tukunyar tuwo.

Murhu

Murhu ake fara yanke shawara a kansa, saboda shi zai ci gaba da cin kuɗi kowane mako bayan an gama sayayya. Mafi daɗewa shi ne murhun duwatsu uku, wanda ba ya buƙatar ko kwabo sai itace, amma yana son tsakar gida ko madafa mai iska, kuma masu gidan haya a birni ba kasafai suke yarda da shi ba saboda hayaƙi da baƙin bango. Hayaƙin ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye ko zaune kusa da su ne suka fi shaƙarta.

Kurfoti, wato murhun gawayi na ƙarfe, shi ne mafi sauƙin kuɗi cikin waɗanda ake saya. Akwai kuma wanda ake kira Abacha, sunan da ya samu a lokacin ƙarancin kananzir na zamanin mulkin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, sa'ad da jama'a suka koma girki da garin katako da gawayi. Gawayi na da kyau ga abin da ke son doguwar wuta, kamar wake da ganda da ƙafar sa. Haɗarinsa shi ne iskar da yake fitarwa mai guba, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga, musamman a lokacin hunturu don jin ɗumi, yana kashe mutane a cikin barci, don haka a waje ake hura shi, a waje ake barinsa ya mutu.

Risho ya daɗe yana zama murhun farko na amare da ɗalibai a Nijeriya, amma tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a farkon 2016 farashin man ya yi ta hawa har risho ya daina zama abin talaka. Wanda har yanzu yake amfani da shi yakan kula da lagwani: idan an datse shi daidai wuta takan fito shuɗiya, idan ta yi ja tana baƙanta gindin tukunya to mai ne ke ƙonewa a banza.

Gas ya fi tsada a ranar saye, sannan ya fi sauri da tsabta. Mai ƙaramin ƙarfi yakan fara da silinda mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura kan murhun a samanta kai tsaye ba tare da tiyo ba. Mai iyali ya fi samun sauƙi da mai kilo 12.5 da murhun tebur mai kai biyu, don tuwo da miya su dahu tare. A Jamhuriyar Nijar amfani da gas ya ƙaru bayan buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011. Silinda da tiyo da abin daidaita gas su ne kayan da bai kamata a saya na hannu ba sai an san tarihinsu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ake ajiye silinda a tsaye inda iska ke ratsawa. Ana gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gidaje da yawa sukan haɗa biyu, gas don sauri, kurfoti don wake da ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar girki.

Tukwane

Tukunya uku sun ishi sabon gida: babba mai kauri ta tuwo da shinkafa, matsakaiciya ta miya, da ƙarama ta ruwan shayi da ɗumame. Ana ƙara kasko ɗaya mai ɗan zurfi, wanda zai soya ƙwai da doya, ya kuma ɗauki man ƙosai. Saitin tukwane bakwai ko goma da ake sayarwa a kwali yana da kyan gani, amma rabinsa yakan shekara a saman kabad ba a taɓa shi ba.

Tuƙin tuwo ne ke bayyana ingancin tukunya. Mai tuƙi takan danne ta, ta riƙa jan muciya da ƙarfi tana matse gari a jikin bango don kada ya yi gudaji. Tukunya marar nauyi sai ta riƙa rawa a kan murhu, gindinta ya kama kafin tuwon ya sulala, bayan 'yan watanni kuma ta loɓa murfinta ya daina zama. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya. Saboda haka ne tukunyar zubi, wadda maƙera ke narka tarkacen goran ruwa, wato alminiyom, su zuba a mazubin yashi, ta samu karɓuwa daga Kano har Yamai. Tana da kauri, tana riƙe zafi, tana jure itace da gawayi, kuma in ta huje ana liƙe ta. Kasuwar Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai sun yi suna wajen irin wannan ƙira.

Akwai abin lura game da ita. Tarkacen da ake narkawa yakan haɗa da sassan injin mota da wasu ƙarafan da ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa dalma tana iya fita daga jikinsu ta shiga abinci. Dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. Abu mai tsami, irin su tumatir da tsamiya da yakuwa da zoɓo, shi ya fi cin jikin ƙarfen, kanwa ma tana baƙanta shi. Hanya mafi dacewa ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya bar tukunyar zubi ga tuwo da tafasa ruwa, ya sa kuɗinsa a tukunyar miya ta kamfani ko ta silba, kuma kada miya ta kwana a cikin tukunyar da aka dafa ta.

Tukunyar ƙasa ta ja baya a birane amma ba ta ɓace ba. Masu sonta sun ce miyar kuka da dahuwar nama sun fi daɗi a cikinta, ga ta da araha, sai dai faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Kaskon da ba ya kamu yana son cokalin katako da wuta matsakaiciya, domin shafen da ke cikinsa yakan fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, kuma cokalin ƙarfe yana kankare shi.

Ƙananan kayan aiki

Waɗannan su ne mafi arha, kuma rashin ɗaya daga cikinsu kan tsayar da girki cak. Muciya ce ta farko. Ana zaɓen mai santsi, marar tsaga, wadda tsawonta ya dace da zurfin tukunya, don gajeriya takan sa tururin talge ya ƙona hannu. Maburgi ake kaɗa miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da shi, a murza shi tsakanin tafukan hannu biyu ana barbaɗa garin a hankali har ya haɗe. Da mara ake kwashe tuwo, a jefa shi cikin ƙaramar ƙwarya da aka jiƙa da ruwa a juya shi ya zama malmala. Sai ludayin miya, da matsamin suya mai huji-huji, da rariyar tankaɗe, da matacin koko, da kwandon tsane shinkafa da taliya, da magogin kuɓewa. Wuƙa ɗaya mai kyau da ake wasawa ta fi saitin wuƙaƙe shida marasa kaifi.

Ƙaramin turmi da taɓarya na jajjage sun fi blanda muhimmanci a sabon gida, saboda ba ruwansu da ɗaukewar wutar lantarki. Da su ake daka attaruhu da albasa da daddawa da citta, markaɗen tumatir mai yawa kuwa a kai inji a unguwa. Turmin itacen ƙirya ya yi suna wajen ƙarko. Babban turmin surfe ya rage a birni tunda injin surfe da na niƙa sun karɓi aikin.

Ci da sha da ajiya

Faranti huɗu zuwa shida, da kwanuka masu murfi, da kofuna, da cokula, da tire ɗaya sun wadatar. Kula biyu, ta tuwo da ta miya, suna da amfani na gaske, tunda akan ajiye wa maigida abinci har ya dawo, akan kuma aika wa maƙwabta da surukai. Filas ɗin ruwan zafi yana rage yawan kunna wuta. A da samira da langa da fanteka da kwalla su ne adon ɗakin amarya, ana jera su a kabad har kusa da rufi, akushi da ƙorai kuma kafin su. Yau roba da silba da tangaran sun maye gurbin yawancinsu. Ruwa na buƙatar mazubi mai murfi da moɗa guda da ba a sa ta a wani aiki, kuma randa tana sanyaya shi ba da wuta ba, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi. Gari da shinkafa da wake a zuba su a bokitai masu murfi saboda ɓera da ƙwari. Baho biyu na wanke-wanke, da soso, da tsintsiya, da tsumman sauke tukunya sun cike lissafin.

Saye da tanadi

Iyaye mata da yawa sukan fara tara kayan kicin tun 'yarsu tana ƙarama, wasu ta hanyar adashi, wasu da kuɗin sana'ar cikin gida, sannan gudunmawar dangi da ƙawaye ta cike giɓi a lokacin biki. Nauyin ya ƙaru a 'yan shekarun nan saboda gasar jere, inda ake cin bashi a sayi firji da na'urar gasa burodi da manyan saitin tangaran don idon 'yan ganin ɗaki, a gidan da wuta ba ta wuce 'yan sa'o'i a rana. Malamai da dattawa sun sha yin kira a rage wannan, kuma kiran yana kan hanya, domin bashin kayan da ba a amfani da su yakan bi iyaye shekaru bayan an watse daga biki.

A Kano akan nemi muciya da mara da ƙorai da faifai a kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tukwanen kamfani da kuloli da robobi kuma a kasuwar Sabon Gari. A ƙauyuka ranar kasuwa ce lokacin sayen kayan sassaƙa daga hannun masu yin su. Mai saye yakan ɗaga tukunya ya ji nauyinta, ya kalli cikinta a hasken rana ko akwai huji, ya gwada zaman murfi, ya girgiza hannunta ya ji ko ya kwance. Tandar waina da madambaci da babbar tukunyar taro ana iya jinkirta su, don a yawancin unguwanni aro ake yi tsakanin maƙwabta, manyan tukwanen suna da biki kuma akwai masu ba da hayarsu.