Horar da ɗaliban jami'a kan aikin gina jiki a cikin al'umma

Horar da ɗaliban jami'a kan aikin gina jiki a cikin al'umma wani sashe ne na karatun ilimin abinci mai gina jiki, inda ake fitar da ɗalibi daga aji a kai shi unguwa, ƙauye ko ƙaramin asibiti. A can yake koyon abu biyu: gano wanda abinci bai wadatar da jikinsa ba, musamman ƙananan yara da masu juna biyu da masu shayarwa, sai kuma zama da iyali a yi shawara har a cimma gyaran da gidan zai iya ɗorewa a kai. Ɗaliban sashen abinci mai gina jiki su ne kan gaba a wannan horo, amma ɗaliban likitanci, jinya, ungozomanci da kimiyyar kula da gida ma suna samun nasu rabon.

Dalilin horon a bayyane yake. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake ba nonon uwa zalla ba su wuce kashi 29 ba. Mafi yawan waɗannan yara ba a asibiti suke ba, suna gida, don haka wanda bai iya shiga gida ba bai iya kai gare su.

Asali

Ana yawan danganta tushen wannan salo da Cicely Williams, likita 'yar asalin Jamaika da ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A 1933 ta bayyana wani ciwo na yara mai kumbura jiki da canza launin gashi, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da ta ji a bakin 'yan ƙabilar Ga, wato kwashiyoko, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Bahaushe da ya san abin da kwanika ke jawowa ba zai yi mamakin wannan suna ba. Abin lura shi ne, matan wurin sun riga likitoci sanin ciwon da lokacin da yake zuwa; ita ta saurare su ne kawai.

A Najeriya, Jami'ar Ibadan ta fara tura ɗaliban likitanci zuwa Igbo-Ora a yankin Ibarapa tun 1963 domin su zauna da mutanen karkara, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙa kai nata Yakawada da ke ƙasar Giwa. Taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a Alma-Ata a 1978 ya ƙara wa wannan ƙarfi da ya sa samar da abinci da ingantaccen ci cikin ginshiƙan kiwon lafiya matakin farko. Amurka ta bi wata hanyar: a 1969 ta kafa shirin EFNEP ƙarƙashin jami'o'in aikin gona na jihohi, wanda ke horar da mutanen unguwa su koyar da maƙwabtansu masu ƙaramin ƙarfi ilimin abinci mai gina jiki.

Duk da haka, karatun jami'a ya daɗe yana ba kimiyyar sinadaran abinci fifiko a kan iya magana da mutane. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lura da wannan giɓi, shi ya sa daga 2012 ta shirya wani kwas mai suna ENACT domin ɗaliban digirin farko, aka gwada shi a jami'o'in wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Ghana, aka kuma yi na Faransanci mai suna ENAF. Ginshiƙinsa shi ne sanin amfanin abinci ba ya sa mutum ya canza cimarsa, don haka dole ɗalibi ya fita ya yi hira, ya lura, ya gwada.

Inda ake yin horon

A jami'o'i da kwalejojin Najeriya masu wannan sashe, irin su Ibadan, Nsukka, Bayero ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ɗalibi yakan taɓa aikin ta ƙofa uku: fita filin aiki a cikin zangon karatu, zaman koyon aiki na SIWES da Asusun Horar da Ma'aikata ya ƙirƙiro a 1973, da binciken kammala digiri. Wuraren da aka fi tura su su ne asibitocin sha-ka-tafi a ranar awon ciki da ranar rigakafi, cibiyoyin kula da tamowa, da makarantun firamare.

Kafin a taka gida ko ɗaya, sai an kai gaisuwa ga hakimi ko dagaci, a sauko ga mai unguwa, a sanar da liman. Inda aka rubuta “ba shiga” a bakin zaure, ɗalibai mata ne ke shiga, yawanci tare da ungozoma ko wata dattijuwa da matan gidan suka yarda da ita, maza kuma su tsaya majalisa da masu gida. Wannan rabon aiki ba asara ba ne, domin mai gida ne ke riƙe da kuɗin cefane da mabuɗin rumbu.

Awo

Abu na farko da hannu ke koya shi ne awo. Mafi sauƙi shi ne awon damtse ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59, da wani ɗan tef mai launi uku. Ana samun tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a naɗa tef ɗin ba tare da an matse ko an sassauta ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Daga nan zuwa sama kore. Sai gwajin kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, yaron na cikin haɗari ko da tef ya nuna kore, ko da kuma uwarsa na murna ya yi ƙiba.

Ana auna tsawon ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance, wanda ya haura a tsaye, a gwada da ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Kafin a yarda da hannun ɗalibi a babban bincike, akan sa shi ya auna yara goma sau bibbiyu, a ga ko awonsa na farko ya dace da na biyu, ya kuma dace da na malami. Shekarun yaro ma aiki ne, tunda ba kowane gida ke da takardar haihuwa ba. Sai a haɗa kalandar gari: kafin azumi aka haife shi ko bayan Sallar Layya, an yi girbin gero ko ana shuka.

Tambayar abin da aka ci jiya, daga wayewar gari zuwa wata wayewar, ta fi awo wuya. Littafi yana lissafi da giram, gida yana lissafi da ludayi, gwangwani da malmala. Yara huɗu sun ci a kwano ɗaya, wa ya san rabon ƙaraminsu? Ga kuma kunya, domin ba kowace uwa ce za ta gaya wa baƙuwa cewa jiya ba a ɗora tukunya ba. Ma'aunin da ake bi ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23 shi ne ya ci aƙalla rukuni biyar cikin takwas: nonon uwa, hatsi da doya da dankali, wake da gyaɗa, madara da dangoginta, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A, sai sauran kayan lambu.

Shawara

Nan ne zuciyar horon, nan kuma ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sabon ɗalibi yakan zo da wa'azi a baki: ki ba shi ƙwai, ki ba shi kifi, ki daina kaza. Uwa ta ce “to”, ya rubuta an wayar da kai, ya tafi. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san “to” ɗin da ake ba baƙo don a rabu lafiya.

Kwasa-kwasan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kan ciyar da jarirai da ƙananan yara, waɗanda jami'o'i da dama ke aro daga cikinsu, sun raba dabarun gida biyu. Na farko sauraro: a zauna daidai da uwa, idan tana kan tabarma a sauko tabarma, a yi tambayar da ke buɗe baki, “Yaya kike ba shi kunun?” maimakon “Kina ba shi kunu mai kauri ko?”, wadda ta riga ta faɗa mata amsar da ake so, a maimaita abin da ta ce don ta san an ji, a guji kalmar da ke yanke hukunci. Na biyu ƙarfafa gwiwa: a yaba abin da take yi daidai, a ba da bayani kaɗan wanda ya shafi halin da take ciki yau, a kawo shawara ɗaya ko biyu ba umarni ba. A aji ana gwada wannan da wasan kwaikwayo, ɗaya ta zama uwa, ɗaya ma'aikaciya, ta uku ta riƙe takarda tana lura.

Saƙonnin kansu ba su da yawa. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi dakashi kada a zubar. Nono zalla har wata shida, ko ruwa babu. Daga nan a haɗa da abinci, sau biyu zuwa uku a rana ga ɗan wata 6 zuwa 8, sau uku zuwa huɗu daga wata 9, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Wannan na ƙarshe ba ya shan gardama a tsakanin Musulmi, tunda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Gardamar tana kan ruwa. A zafin bazara, gaya wa kaka kada a ba jikanta ruwa kamar gaya mata a bar shi ya mutu da ƙishi ne. Ɗalibar da ta iya aiki ba ta ce wa tsohuwa ta yi kuskure. Takan ce, “Inna, gaskiyarki, zafin nan ko babba ya ji shi,” sannan ta bayyana cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, ta nemi a riƙa ba uwar ruwa da kunu, a ƙara yawan shayarwa. Idan uwar miji ba ta yarda ba, abin da aka gaya wa matar ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa.

Haka batun kunu. Koko tsararo yana cika cikin yaro ba tare da ya ba shi ƙarfi ba, gyaransa kuma yana cikin gidan: a yi shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na waken suya, ɗan manja ko man gyaɗa, garin zogale ko na busasshen kifi. Garin da ake kira Tom Brown, haɗin soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, a kan wannan tunani aka gina shi. Shi ya sa gwajin girki a gaban mata, da kayan kasuwar garin da murhun gidan, ya fi allon hotuna tasiri. Akwai kuma dabarar da ma'aikatan agaji Jerry da Monique Sternin suka yi amfani da ita a Biyetnam a shekarun 1990: a nemo matalautan gidajen da yaransu ke da lafiya, a ga me suke yi daban. A can an tarar suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa daga gonakin shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankali.

Lokaci ma yana da hukunci. Shawarar da ta yi daidai da kaka, rumbu cike, ba ta aiki a tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yi yawa.

Iyakar ɗalibi

Ɗalibi ba ya rubuta magani, ba ya kuma riƙe yaron da tef ya nuna ja. Aikinsa ya tura shi cibiya, ya kuma bi sawu ya ga an je. A cibiyar ana gwada ko yaron na iya cin abinci. Idan yana ci kuma ba wani ciwo, sai a ba uwar abincin tamowa na leda, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙira a Faransa a 1996. Leda ɗaya giram 92 ce mai ƙarfin kalori 500. Idan ba ya ci, ko kumburin ya yi yawa, ko yana da zazzaɓi mai zafi, sai kwanciya a asibiti a fara da madarar jinyar tamowa da ake kira F-75.

Wannan tsari na jinya a gida ya samu karɓuwa ne bayan yunwar 2005 a Nijar, lokacin da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta kula da dubun-dubatar yara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Najeriya ta fara shi a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi. A Mirriya ta jihar Damagaram kuma ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta nuna cewa iyaye mata na iya auna damtsen 'ya'yansu da kansu, don haka a wurare da yawa yanzu ana koya wa ɗalibi ya koyar da awon, ya bar tef ɗin a hannun uwa.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce gajeren zama. Ɗalibai su zo makonni kaɗan, su cika takardun tambaya, su tafi, baɗi wasu su zo da tambayoyi iri ɗaya. Ƙauyukan da ke kusa da jami'o'i sun gaji da wannan, har wasu kan tambayi me za a raba kafin su shimfiɗa tabarma. Sassan da suka fi kyautata tsari sukan riƙe gari ɗaya shekara da shekaru, su koma su faɗa wa mutane abin da aka gano, kowane rukuni kuma ya ɗora daga inda na baya ya tsaya.

Sai harshe: karatu da Turanci ake yi, aiki da Hausa, Fulatanci ko Barbarci, kuma ɗalibi na iya cin jarrabawa bai taɓa bayyana ƙarancin jini da harshen uwarsa ba. Kuɗin mota da ƙarancin malaman da za su bi ɗalibai fili suna rage fita, rashin tsaro a sassan Zamfara, Katsina da Borno kuma ya rufe wasu garuruwan da suka fi bukata. Akwai kuma kamfanonin madarar gwangwani da kan zo da kyauta ko tallafin taro. Ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallan abin da ke maye gurbin nonon uwa ta hana ma'aikacin lafiya karɓar irin wannan kyauta ko raba samfurin madara ga iyaye, kuma tana cikin abin da ake karantar da ɗalibi kafin a tura shi asibitin awo.